Ruwa Ba Ya Tsami Banza

Wata safiya a daminar da ta wuce, ina tsaye a ƙofar gidanmu a Agege, sai ga wata mata ta fito da bokiti tana zazzaga wa Kawuna masifa. Kawu ɗan garuwa ne, irin waɗanda mutanen Ikko ke kira "mai ruwa", ya fi shekara ashirin yana tura kura a layukan nan. Laifinsa shi ne ruwan da ya juye mata jiya da yamma ya kwana da wani maiƙo a samansa mai ɗaukar ido kamar bakan gizo, in ka kai hanci kuma sai ka ji warin gareji. Ta ce daga jarkokinsa ne, wai ƙila da su ake sayar da fetur da dare. Kawu bai tanka ba. Ya zaro kuɗinta ya miƙa mata, ya kama kurarsa.

Da ta shige na ce, "Kawu, ai da ka gaya mata ba daga jarka ba ne."

Ya ce, "Ɗana, ni ta gani. Wa zai je ya yi faɗa da ƙasa?"

Na san inda Kawu ke saro ruwa. Wani gida ne mai rijiyar burtsatse da tankuna biyu a sama. Bayan katangar gidan akwai garejin makanikai, kuma a kusurwar garejin akwai wani rami da yaran shago suka yi shekaru suna juye baƙin mai a ciki. Tsakanin ramin da bakin rijiyar bai kai taku ashirin ba. Mai gareji bai san matar nan ba, ita ma ba ta san shi ba. Kawu ne kaɗai ya haɗa su, shi ne kuma ya sha zagi.

Tun daga ranar nake ta juya maganar nan a raina. Duk lokacin da amai da gudawa ya ɓarke a garin nan, ido yakan koma kan mai tura kura, da mai kunun aya, da mai fiya wata. Haka aka yi a watan Yunin 2024, lokacin da kwalara ta shigo Legas, har jami'an lafiya suka ambaci wani kunun aya marar rajista a cikin abubuwan da suke zargi. Ban ce kada a binciki mai sayarwa ba, a bincike shi. Amma mai sayarwa hannu na ƙarshe ne. Kafin ruwan ya iso jarkarsa ya ratso ta ƙarƙashin garejin wani, da gidan man wani, da mayankar wani, da masana'antar wani, kuma kowannensu ya bar masa tsaraba.

Wanda ya taso a Arewa sai ya daɗe a nan kafin ya gane halin ƙasar Legas. A garuruwanmu mai haƙar rijiya yakan yi gaba da yawa, wani wurin ma sai ya fasa dutse kafin ya ga danshi. Nan kuwa yashi ne da laka, gari kwance tsakanin teku da tafki da fadamu. A wajajen Lekki da Ajah mai haƙar harsashin gini ma yakan tarar da ruwa. Yashi ba ya riƙe amana. Abin da ka zuba masa yau, ruwan saman Yuni da Yuli zai tura shi ƙasa, ya kai shi inda maƙwabcinka ke zuƙowa. Da a ce famfon gwamnati ya isa, da da sauƙi. Gidan ruwa na Iju tun 1915 aka buɗe shi, lokacin da mutanen garin ba su kai 100,000 ba. Daga baya aka ƙara da na Adiyan da wasu ƙanana, amma yau gwamnatin jiha da kanta tana cewa mutanen Legas sun haura miliyan 20, kuma mafi yawansu ba su taɓa ganin ruwan hukuma a famfon gidansu ba. Saboda haka kowa ya huda ƙasa. Mai hali ya sa a yi masa mai zurfi a liƙe gefenta da siminti. Marar hali ya kira masu araha, su tsaya a ruwan farko da suka tarar, su bar gefen bututun a buɗe, yadda duk ƙazantar da ke sama za ta bi jikin bututun ta gangara. Irin wannan rijiyar ce ta fi yawa a unguwannin talakawa, kuma daga irinta ɗan garuwa ke saye.

Abin da nake so in faɗa shi ne, gurɓatar ruwa a Legas lissafin kasuwa ce, ba rashin sani ba ne kawai kamar yadda ake yawan cewa. Kowace sana'a tana da abin da take fitarwa wanda ba ta so, kuma raba kai da shi yana cin kuɗi. Wanda ya zuba nasa a kwata ya tsira da kuɗinsa, ya bar wa wani ya biya a kantin magani. An ce tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka, amma a wannan harka wani ke jan ruwan, wani can daban yake jiƙewa.

A ɗauki harkar mota. Ka shiga Ladipo a Mushin, inda ake farke injuna ana sayar da kayan gyara, ko ka bi ta Ijora da Apapa inda tireloli da tankoki ke kwana a kan titi, ka dubi ƙasar wurin. Baƙa ce wuluk, ta sha mai har ta ƙoshi. Baƙin man da aka zare daga inji ya sha bamban da wanda aka zuba masa sabo. Ya kwaso gogaggen ƙarfe da ƙonannen fetur, kuma ba ya ruɓewa da wuri kamar ɓawon ayaba. Haɗa da masu wankin mota da suke sakin ruwan sabulu da maiƙo a lambatu, da janareta da ke bayan kusan kowane shago yana ɗigar da dizal. Gidajen mai kuma nasu a ɓoye yake, domin tankunansu a binne suke. In tanki ya yi tsatsa ya huje, sai ya yi shekaru yana yoyo ba wanda ya gani, mai shi ma ƙila sai dai ya ga lissafin lita ba ya cika ya zargi yaransa.

Wanda yake ganin kamar ina zuzuta abin, ya tambayi mutanen Baruwa da ke Ipaja a ƙaramar hukumar Alimosho. Tun tsakiyar shekarun 1990 man fetur daga bututun da ya ratsa yankin ya shiga rijiyoyinsu, har ta kai mutum ya jefa guga ya ɗebo abin da ke kama wuta. Shekaru sun shuɗe, yaran da aka haifa lokacin sun zama iyaye, ana nan ana maganar. Wannan shi ne bambancin ruwan ƙasa da na rafi. Rafi yana tafiya, in aka daina zuba masa datti yakan wanke kansa. Ruwan ƙarƙashin ƙasa tafiyar hawainiya yake, ba rana ba iska, abin da ya shige shi ya samu wurin zama. Kuma a cikin fetur akwai sinadarin benzin, wanda likitoci suka tabbatar yana jawo sankarar jini.

To, laifi tudu ne. Na hango na wasu, bari in sauko kan namu, domin nan ne na san za a ji haushina.

Harkar nama a Legas da hannunmu dumu-dumu a ciki, daga mai kawo shanu daga Arewa zuwa dillali zuwa mai fiɗa. Abin mamaki, a Hausa inda ake yanka sunansa kwata, inda ruwan datti ke bi shi ma kwata, kamar dai masu harshen sun hango inda za a ƙare. Duk wanda ya taɓa wucewa ta mayankar Oko-Oba da safe, ko ta kasuwar Kara da ke bakin kogin Ogun a ƙarƙashin doguwar gadar hanyar Ibadan, ya san launin ruwan da ke fita daga wuraren yanka. Jini ne da kashin tumbi da ruwan wankin hanji. Mutum zai ce ai duk daga dabba ne, ba guba ba ne. Amma in jini da kashi suka yi yawa a ruwa, ƙwayoyin da ke ruɓar da su sukan shanye iskar da kifi ke shaƙa, kifi ya mutu ko ya gudu, ciyawar nan mai kama da kainuwa ta samu taki ta rufe ruwan har kwalekwale ya kasa wucewa. Abin da ya tsuma cikin ƙasa kuma ya tafi da ƙwayoyin cutar ciki zuwa rijiyoyin kusa. Sai kuma masu babbakar ganda da tsofaffin tayoyi. Ana yawan maganar hayaƙin, ana mantawa da tokar, wadda ruwan sama ke kwashewa ya shigar kwata. Kasuwar kayan gwari ta Mile 12 ma da nata, tulin ruɓaɓɓen tumatir da albasa da tattasai da ke tsiyaya a lambatu, ko da yake wannan mai sauƙi ne in aka kwatanta da wanda ke tafe.

Wanda ya fi tayar mini da hankali shi ne batir. 'Yan gwangwan da 'yan jari-bola, waɗanda galibinsu yaranmu ne, suna sayen mataccen batirin mota da na infata saboda dalmar da ke ciki. Kafin a ɗora shi a sikeli, yaro zai fasa shi da guduma ya tuntsurar da ruwan batir ɗin a ƙasa, a nan inda yake zaune, inda zai ci abinci, inda zai shimfiɗa kwali ya kwana. Ruwan nan asid ne mai ɗauke da dalma. Daga nan kayan su wuce masana'antun narkar da dalma, irin waɗanda suka taru a Ogijo, bayan Ikorodu a cikin jihar Ogun, inda mazauna suka daɗe suna kuka da ƙura da hayaƙi. A wajen kasuwar kayan lantarki ta Alaba kuma ana ƙona wayoyin tsofaffin talabijin da kwamfuta don a ciro jan ƙarfe. Mu 'yan Arewa bai kamata a tsaya yi mana bayanin dalma ba. A 2010 gubarta ta kashe yara sama da 400 a ƙauyukan Zamfara, a yankunan Anka da Bukkuyum, saboda ana daka dutsen zinariya a cikin gida. Iyayen yaran nan ba mugaye ba ne, neman abinci suke, daidai yadda yaron da ke fasa batir a Agege yake neman abinci.

A islamiyya an koya mana cewa ruwan alwala shi ne wanda launinsa da ɗanɗanonsa da ƙanshinsa ba su jirkita ba. Da wannan ma'auni muka taso muna gane ruwa mai kyau, kuma da shi matar nan ta kama ruwan Kawu. Ita ta yi sa'a, domin mai yana da wari. Dalma ba ta da launi a ruwa, ba ta da wari. Ruwa zai fito garau kamar hawaye, ka yi bisimilla ka ba ɗanka, a hankali ta riƙa cin ƙwaƙwalwarsa, ya je makaranta a ce daƙiƙi ne. Tafasawa tana kashe ƙwayoyin kwalara da taifot, amma ba ta fitar da dalma, sai ma ta ƙara mata kauri in ruwan ya ƙone. Alim kuma datti yake kwantarwa, ba a dogara da shi a kan guba. Malamanmu suna karanto mana hadisin da ya hana yin fitsari a ruwan da ba ya gudana. Ban taɓa jin an kawo shi a huɗuba an haɗa shi da ruwan batir ba, alhali in fitsarin mutum ɗaya abin hani ne, ina ga wannan?

Kada manyan kamfanoni su ji na tsaya kan talaka su ɗauka sun sha. Abin da gareji ɗari za su zubar a shekara, masana'anta ɗaya tana iya sakinsa a ɗan lokaci. Ikeja, Ogba, Oregun, Ilupeju, Isolo, Apapa, Ikorodu, duk unguwannin masana'antu ne, masu fenti, masu sabulu, masu lemo da giya, masu magunguna, masu rini, masu ƙarfe. Rafin Odo Iya Alaro da ya biyo ta wajen Ojota ya gangara tafki, shi ke kwasar rabo mai yawa daga yankin Ikeja, kuma wanda ya san yadda rafin Jakara ya koma a Kano, ko abin da majemun Sharaɗa da Challawa suka yi wa kogin da ke kusa da su, zai gane shi da gani ɗaya. Doka ta ce kowace masana'anta ta tace ruwanta kafin ta sake shi. Sai dai injin tacewa yana cin wuta, wuta a ƙasar nan dizal ce, dizal kuma kowa ya san kuɗinsa. Manajan da aka matsa wa ya rage kashe kuɗi, in ya duba ya ga ba mai zuwa dubawa sai an sanar da shi, wane inji kake jin zai fara kashewa? Ba sai mutum ya zama mugu ba, ya isa ya iya lissafi.

Sauran kuwa ba sa buƙatar dogon bayani. Jujin Olusosun a Ojota da na Solous a Igando suna tsiyayar da baƙin ruwa, gidaje kuma sun kewaye su. Garin katako daga injinan Oko-Baba ya yi shekaru yana shiga tafki a idon duk mai hawa gadar Third Mainland. Motocin kwashe masai sana'a ce ita ma, kuma wanda ya juye kayansa a bakin ruwa da dare ya fi wanda ya kai wurin da aka tanada riba. Otal da gidan abinci da asibitin kuɗi, kowa da ramin shaddarsa, sau da yawa a fili ɗaya da rijiyarsa.

Dokoki ba su yi mana kaɗan ba. Tun da aka jibge gangunan guba daga Italiya a garin Koko a 1988 gwamnatin soja ta kafa hukumar kare muhalli ta tarayya. A 2007 aka kafa NESREA, hukumar tarayya mai tilasta bin dokokin muhalli. Legas tana da tata hukumar, LASEPA, ga dokar muhalli ta 2017, kuma a watan Janairun 2024 ta haramta farar robar nan ta zuba abinci. Wannan ya nuna in gwamnatin jihar nan ta sa kanta abu tana iyawa. Amma roba ana ganinta tana yawo a kwata, ana iya ɗaukar hotonta. Abin da ke ƙarƙashin ƙasa ba ya fitowa a talabijin.

Na san abin da wasu 'yan'uwa za su ce, kuma ba zan raina shi ba. Za su ce, kai da ka rubuta wannan ka ba su sanda ne su doke mu. A garin da aka hana acaɓa a manyan unguwanni, aka sha rushe rumfunan mutane da sunan tsafta, duk maganar datti takan ƙare a kan "aboki". Gaskiya ne. Shi ya sa ba na goyon bayan rufe kasuwa a matsayin magani. In aka rufe kasuwa mako guda, a share, a biya tara, a buɗe, ramin baƙin man yana nan inda yake. In aka kori 'yan gwangwan daga wuri, sai su koma bayan gari kusa da wata fadama su ci gaba, gubar ta canza unguwa. Amma yin shiru ma ba zai cece mu ba, don mu ne muke kwana a wuraren nan, 'ya'yanmu ne suke shan ruwan. Mai kamfani a Ikeja ruwan roba yake sha a gidansa.

Abin da ke ba ni takaici shi ne yawancin abin da muke zubarwa kuɗi ne. Baƙin mai yana da masu saye, ana sake tace shi. Jinin yanka in an dafa an shanya yana shiga abincin kaji da kifi. Kashin tumbi taki ne, manoman lambu za su so shi, ana kuma samun iskar girki daga gare shi. Batir in an kai shi bai fashe ba, da ruwansa a ciki, ba a yi asarar komai ba sai ɗan nauyin ɗauka. Kasuwanninmu kuma suna da tsari. Akwai Sarkin Hausawa, akwai Sarkin Fawa, akwai shugabannin 'yan gwangwan da na direbobi, kuma ba ranar da ba a karɓar kuɗin ƙungiya. Ƙungiyar da ta iya tara kuɗin kai gawar ɗan'uwa gida, ta iya sasanta rikicin dillalai, ba za ta kasa ajiye ganga biyu a gareji ta ce duk wanda ya zuba mai a ƙasa zai biya tara ba. Ba za ta kasa shafe wurin fasa kaya da siminti ba. Gyara kayanka bai taɓa zama sauke mu raba ba, kuma wanda ya gyara nasa shi ke da bakin zuwa Alausa, inda ofisoshin gwamnatin jiha suke, ya nuna bututun kamfani ya ce saura wannan.

Ita kuma hukuma, abu biyu nake nema a wurinta. Ta riƙa shiga masana'antu ba sanarwa, har da dare, har da lokacin da ake ruwan sama, ta ɗebi abin da ke fita daga bututunsu, ta buga sakamakon da sunan kowa. Sannan duk rijiyar burtsatsen da ake sayar da ruwanta, a gwada ta a kai a kai, har da gwajin dalma da na mai, a manna takardar a jikin tanki inda ɗan garuwa zai sa a karanta masa. Yanzu mai kura yana sayen abin da bai san cikinsa ba, ya sayar da sunansa.

Kawu ya bar sayen ruwa a gidan nan. Ya koma wata rijiya can gaba da titin jirgin ƙasa, tafiya ta ninku, ga hawa a hanyar dawowa, shi kuma gwiwa ta fara ba shi matsala. Ya ɗan ƙara kuɗi a kan jarka, wasu suka bar shi suka koma wurin yaran da har yanzu suke ɗebowa daga tsohon wurin, tunda nasu ya fi araha. Rannan na wuce ta bayan garejin, na tarar ramin ya cika an rufe shi da ƙasa, an haƙa sabo a gefensa.